Matuƙin da bai taɓa ganin jirgi ba: Jiran dogo biyu a Galtimari

Bayan sallar Isha'i, a wani ɗan ɗaki da ke kusa da zaure a unguwar Galtimari ta Maiduguri, wani yaro ɗan shekara 17 ya ɗora kwamfuta a kan benci, ya zauna bisa tabarma, ya shiga ɗakin direban wani jirgin ƙasa da ke tsaye a tashar Kassel ta ƙasar Jamus. Ya rufe ƙofofin taragu, ya jira danja ta ba shi hannu, ya saki birki, sannan ya ja a hankali. Kafin batirin solar gidan ya soma kukan ƙarewa, jirgin nasa ya kai gudun kilomita 280 a awa guda, ya doshi birnin Wurzburg.

Yaron ɗan yayata ne. Ya san cewa a jiragen Jamus akwai wata na'ura da ake kira Sifa, wadda dole direba ya riƙa taɓa ta kusan kowace daƙiƙa 30 don ta tabbatar bai yi gyangyaɗi ba, in kuwa ya yi sake sai jirgin ya ja birki da kansa. Ya san nisan da jirgi mai nauyi ke buƙata kafin ya tsaya cak, ya kuma san ma'anar kowace fitila da ke gefen dogo. Amma tun da ya yi wayo bai taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya da idonsa ba, alhali garinsu ne ƙarshen layin dogo mai tsawon kilomita 1,443 da ya taso daga Fatakwal.

Kwamfutar tasa 'yar Kwatano ce da na ba shi bayan na sauya wata. A daren 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Galtimari da Fori suna cikin unguwannin da ruwa ya fara mamayewa. Mahaifiyarsa ta ba ni labarin cewa sa'ad da kowa ke ta takardun makaranta da buhun abinci, shi wannan kwamfuta ya naɗe cikin leda ya ɗora a ka, ya yi ta ratsa ruwa har suka kai tudu.

Da na je gida hutu a bana, sai da ya bari na ci abinci na sha shayi, sannan ya durƙusa gefena ya ce: "Kawu, akwai sabon layi da zai fito. Wata huɗu ke nan ina jiransa. Dala arba'in ne."

Ban amsa masa nan take ba. Na dai fahimci cewa a wannan ɗan ɗaki ana jiran dogo iri biyu: ɗaya na cikin kwamfuta wanda ake saye da dala, ɗaya kuma na ƙarfe wanda takardunsa ke kan teburanmu a Abuja.

Wane irin wasa ne wannan?

Wanda bai saba ba zai ɗauka irin wasannin tsere da harbe-harbe ne da yara ke yi a shagunan gem. Ba haka ba ne. A wasan kwaikwayon tuƙin jirgin ƙasa babu abokin gaba, babu wanda ake rige-rige da shi. Aikin mai wasa shi ne ya ɗauki jirgi daga tasha, ya bi dokar hanya, ya tsaya a inda ya kamata, ya isa a kan lokaci. Tafiyar da ke cin awa guda a zahiri, awa guda take ci a wasan. Wasa ne na masu haƙuri.

Tarihinsa ya ɗan kwana biyu. Tun a shekarun 1990 kamfanin Taito na Japan ya fito da Densha de Go, wanda ya samu karɓuwa ƙwarai a can. A 2001 Microsoft ya fitar da Microsoft Train Simulator ɗauke da layuka shida daga Amurka da Turai da Japan, a shekarar ce kuma wani kamfanin Ostireliya ya fito da Trainz. A yau wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Dovetail Games da ke garin Chatham a Ingila, mai wasanni biyu: Train Simulator, wanda asalinsa ya fito a 2009 da sunan RailWorks, da kuma Train Sim World da aka fara sayarwa a 2017. A 2023 kamfanin Focus Entertainment na Faransa ya saye Dovetail ɗungurungum.

Sirrin cinikin ba a wasan kansa yake ba, a ƙarin layuka yake. Mutum zai sayi uwar wasan da layi biyu ko uku, wani lokaci ma a ba shi mafarinsa kyauta, kamar yadda aka yi sa'ad da Train Sim World 5 ya fito a Satumbar 2024. Daga nan duk wata sabuwar hanya da yake marmarin bi, ko wani sabon kan jirgi da yake son tuƙawa, sai ya sake zura hannu a aljihu. Ƙarin kayan da aka jera wa Train Simulator kaɗai a kasuwar intanet ta Steam sun kai ɗaruruwa, kuma wanda ya ce sai ya mallake su duka zai kashe dubban daloli. Ba a sa ran kowa ya yi hakan. Tsarin dai shi ne abin da Bahaushe ke cewa iya kuɗinka iya shagalinka.

Ɗokin jiran sabon layi kuwa wani ɓangare ne na shagalin. Kamfanin yakan fitar da jadawalin abubuwan da yake aiki a kansu lokaci zuwa lokaci: wannan layi ana zana shi, wancan ana gwajinsa, wannan kuma ya kusa fitowa. Masu wasa sai su duƙufa a kan hotunan farko suna tankaɗe da rairaya. Kilomita nawa ne? Tashoshi nawa? Sabon jirgi aka kawo ko tsohon aka sake wa fenti? Kafin ranar fitowa kowa ya gama yanke hukunci a ransa ko kuɗin ya dace da kayan.

Me ya sa layi guda ke cin dala 40?

Sabon layi a Train Sim World yawanci yana kamawa ne tsakanin dala 30 zuwa 40. Masu ƙorafi a Turai da Amurka sun daɗe suna cewa kuɗin ya kai na cikakken wasa, suna kuma kukan yadda tun daga 2022 ake fito da sabon bugu na uwar wasan duk shekara. Ƙorafin yana da tushe, amma farashin ma yana da dalilansa.

Na farko shi ne aikin da ke ciki. Kafin a zana layi sai an tattara taswirar tudu da kwari na yankin, da zanen yadda dogo ya kwanta, da inda kowace danja take, da iyakar gudu a kowane lungu. Sai an ɗauki hotunan tashoshi da gadoji da gine-ginen gefen hanya, a sake gina su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta. Akan tura ma'aikata da na'urar naɗar sauti su ɗauko ƙarar injin da ta birki da ta ƙofa daga jirgin gaske. Sannan a tsara jadawalin zirga-zirgar yini guda cur, yadda ɗaruruwan jirage za su wuce ba tare da sun tare wa juna hanya ba. Aikin watanni ne na mutane da dama.

Na biyu shi ne izini. Ba a manna tambarin Deutsche Bahn na Jamus ko Amtrak na Amurka a jikin tarago sai da yardar masu shi. Na uku shi ne la'adar dillali: Steam na karɓar kashi 30 cikin 100 na yawancin cinikin da aka yi a rumfarsa. Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne ƙarancin masu saye. Wasan ƙwallon ƙafa ana sayar da shi ga miliyoyin mutane, don haka kuɗin haɗa shi yana rarrabuwa a kan kawuna masu yawa. Masu sha'awar tuƙa jirgin ƙasa kuwa tsiraru ne, sai kason kowa ya yi nauyi.

Wannan ƙarancin ne kuma ke yanke hukuncin ƙasar da za a zana. Galibin layukan na Birtaniya ne da Jamus da Amurka, domin can masu saye suke. A tsohon Train Simulator akwai layin Outeniqua Choo-Tjoe na Afirka ta Kudu, wanda faɗin dogonsa milimita 1,067 ne, daidai da tsohon dogonmu da ya zo Maiduguri. Amma babu layin Najeriya ko ɗaya a cikin jerin da kamfanin ke sayarwa. Ba ƙiyayya ba ce, lissafi ne: ɗan kasuwa ba ya kai haja inda ba a taya ta.

Dala 40 a aljihun ma'aikaci

Ga Bature mai aiki a Landan, dala 40 kuɗin cin abincin dare guda ne a waje. Ga ma'aikacin gwamnati a Najeriya labarin ya sha bamban. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala tana kusan N460 a farashin hukuma, wato layi guda N18,400. Idan aka ƙaddara dala a N1,500, inda ta yi ta kai-kawo a 2025, layin nan ya zama N60,000. Kamfanin bai ƙara ko sisi ba, amma kayan ya ninka fiye da sau uku a hannunmu.

A ajiye wannan adadi kusa da albashi mafi ƙaranci na N70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yulin 2024, sai a ga abin da ɗan yayata ke roƙo ya kusa cinye albashin wata guda na masinjan ofis. A sake ajiye shi kusa da tikitin jirgin Abuja zuwa Kaduna. Sa'ad da aka dawo da zirga-zirga a Disambar 2022, bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris na shekarar, an sanya kujerar talaka a N3,600. Ke nan kuɗin layi guda na kwamfuta zai kai mutum daga Idu zuwa Rigasa sau 16 a wancan farashi, har da canji. Wani abin mamaki ma, layin Kassel zuwa Wurzburg da yaron ke bi a wasan, tsawonsa kusan ɗaya ne da na Abuja zuwa Kaduna, wato kilomita 186.

Steam na da tsarin sassauta farashi ga wasu yankuna marasa ƙarfi, kuma yana karɓar kuɗin wasu ƙasashe, har da Rand na Afirka ta Kudu. Naira ba ta cikinsu; mai saye daga Najeriya da dala yake biya. Ko biyan ma sai da ya zama aiki, domin daga 2022 yawancin bankunanmu sun dakatar da amfani da katin Naira wajen sayayya a ƙetare, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka soma buɗewa. A tsakanin nan matasa sun dogara ne da katunan dala na manhajojin waya, ko katin kyauta da ake saye da tsada a hannun 'yan tsakiya.

Bayan dala kuma akwai data, domin layi guda yakan ci gigabait da dama kafin ya sauka. Akwai kuma wuta. Mutanen Maiduguri ba su manta da watan Janairun 2021 ba, sa'ad da 'yan tayar da ƙayar baya suka tarwatsa turakun wutar da ke tahowa daga Damaturu, birnin ya shiga duhu na tsawon watanni, aka gyara suka sake fasawa. Sai a watan Maris na 2023 aka buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin mai na ƙasa ya gina wa birnin. Yaron da ke tuƙa jirgin lantarki na Jamus a Galtimari, da hasken ranar da ya tara a batir yake tuƙa shi.

Shi ya sa yawancin takwarorinsa suka tsaya a kan wasannin waya na kyauta, irin su Indian Train Simulator, inda ake biya da kallon talla. Masu kwamfuta kuma sun koyi dabarar 'yan kasuwa: a bar sabon kaya ya sha iska, a jira garaɓasar da Steam ke yi a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, lokacin da tsofaffin layuka kan faɗo zuwa rabin kuɗinsu ko ƙasa da haka.

Dogon da ya iso Yerwa a 1964

Ɗaya jiran ya girmi yaron, ya kusa girmar ni kaina. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Jos a babban layi a 1927, Ƙaurar Namoda a 1929, Nguru a 1930. Borno ta tsakiya sai da ta jira wasu shekaru talatin da 'yan kai. A 1958, shekara guda bayan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya taɓa riƙe Ma'aikatar Sufuri, ya zama Firayim Minista, Najeriya ta karɓi rancenta na farko daga Bankin Duniya, dala miliyan 28, domin harkar reluwe. A shekarar aka soma shimfiɗa dogo daga Kuru kusa da Jos. Ya isa Bauchi a 1961, ya isa Gombe a 1963, ya bi ta Bajoga da Buni, ya sauka Maiduguri a 1964. Kilomita kusan 640 ke nan cikin shekara shida, da kayan aikin wancan zamani.

Dattawan Yerwa suna tuna abin da dogon ya kawo. Gyaɗa da fatu da ƙiraga da shanu sun riƙa gangarawa kudu a tarago, siminti da gishiri da kananzir da goro suna haurowa. Unguwa guda ta tashi a kewayen tashar, har yau kuma da sunan Reluwe ake kiranta. Ɗalibai da sojoji da fatake sun yi ta kwana a hanya zuwa Kafanchan, inda layin gabas ke haɗuwa da na Kaduna.

Daga baya sai abin ya soma ja da baya. Manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, taragu suka tsufa, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da aka kafa a 1955 ta shiga halin ni-'yasu, jirgi ya koma zuwa jefi-jefi. Rikicin da ya ɓarke a watan Yulin 2009, wanda cibiyarsa ke unguwar Reluwe ɗin kanta, ya zo ya ƙarasa abin da sakaci ya fara. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta raba gyaran layin gabas gida uku ta bayar da kwangila, amma rashin tsaro ya hana ɓangaren da ya nufo Maiduguri kammaluwa.

A watan Oktoban 2020 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kashe kimanin dala biliyan uku don sake gina layin daga Fatakwal zuwa Maiduguri, tare da rassa zuwa Owerri da Damaturu. Ranar 9 ga Maris, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin, wanda aka damƙa wa kamfanin CCECC na Chaina. Tsarin shi ne gwamnati ta kawo kashi 15 cikin 100, ragowar kashi 85 kuma a ciyo rance. Rancen bai zo yadda aka zata ba. Sai a 2024 aka buɗe ɓangaren farko, daga Fatakwal zuwa Aba, mai tsawon kilomita 62. Wannan bai kai kashi biyar cikin 100 na hanyar ba. Mutanen 1958 suna shimfiɗa fiye da kilomita 100 a shekara. Mu a shekara uku mun gyara 62.

Rashin dogon ba maganar marmari ba ce kawai. Duk buhun siminti da duk tankar mai da za su shiga Maiduguri daga yamma, ta hanyar Damaturu suke bi, kuma kuɗin dakonsu a kan mai saye yake ƙarewa. A wannan hanya ce, a garin Auno, aka kashe matafiya kusan 30 a daren 9 ga Fabrairu, 2020, bayan dare ya yi musu a bakin shingen shiga gari. Ba a cewa jirgin ƙasa maganin rashin tsaro ne, harin Abuja zuwa Kaduna ya isa shaida. Amma birnin da ke da ƙofa guda tilo mai aminci, kullum a tsorace yake kwana.

Jadawalin alkawari

Abin da ya tsaya mini a rai a daren nan shi ne yadda yaron ya san komai game da layin da yake jira. Ya san tsawonsa, ya san jiragen da za su zo da shi, ya san an ɗage fitowarsa, ya san dalilin ɗagewar. Kamfanin da ke neman dala 40 a hannunsa ya ga wajibi ne ya riƙa yi masa bayani, domin ya san in ya yi shiru mai saye zai juya baya.

Sai na tambayi kaina, ni da nake tace labarai a Abuja kullum: me na sani game da layin da aka ce za a kashe wa dala biliyan uku da sunan wannan yaro da 'ya'yansa, waɗanda su ne za su biya bashin? Kilomita nawa aka shimfiɗa a bana? Wane ɓangare ne ke biye da Aba? A wace shekara ake sa ran isa Gombe, balle Buni da Maiduguri? Amsoshin suna nan, amma a warwatse: wani a jawabin minista gaban kwamitin majalisa, wani a cikin kundin kasafin kuɗi, wani a fayil ɗin da ke jiran sa hannu.

Da yawa daga masu karanta wannan shafi su ne ke riƙe da waɗannan fayiloli, ko suke rubuta wa masu riƙe da su jawabi. Ba sai an ciyo rance ba kafin a buɗe shafi guda a intanet da zai nuna kowane aikin dogo na ƙasa, da Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, da Kaduna zuwa Kano, da Fatakwal zuwa Maiduguri, a rubuta abin da aka gama, da abin da ya rage, da abin da ya kawo tsaiko, a riƙa sabunta shi duk wata uku, cikin Turanci da Hausa da Kanuri. Ɗan Najeriya yana da haƙurin jira. Abin da ke ci masa rai shi ne jiran gawon shanu, wanda ba a san ranar faɗowarsa ba.

Akwai ma wata sabuwar ƙofa. Gyaran tsarin mulkin da aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ya cire harkar jiragen ƙasa daga jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya bai wa jihohi damar shiga. A ƙarshen 2024 Gwamnatin Borno ta bayyana aniyarta ta shimfiɗa dogo a cikin birnin Maiduguri. Shi ma wannan alkawari ne, alkawari kuwa kaya ne, kuma zai fi sauƙin ɗauka idan jama'a na ganin inda aka kwana.

Wa zai zana layin Borno?

Babu kamfanin Ingila da zai zo ya zana layin Kuru zuwa Maiduguri, kuma ba laifinsa ba ne. Amma ba sai an jira shi ba. Akwai manhajar Open Rails, wadda masu sa-kai suka gina a kan tubalin tsohon wasan Microsoft, kyauta ce, ba ta kuma buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Masu sha'awa a Indiya da wasu ƙasashe sun daɗe suna zana layukan ƙasashensu da hannunsu a irin waɗannan manhajoji suna rabawa juna. Matasanmu ma sun nuna za su iya: duk wanda ya leƙa wayoyin samari zai ga motocin wasan Bus Simulator Indonesia an yi musu fentin motocin hayarmu, har da rubutun bayan mota.

Abin da mai zanen ke buƙata shi ne abin da muke gab da rasawa: zanen tashoshi, jadawalin zirga-zirga na da, hotunan gadar kogin Gongola, sunayen ƙananan tashoshin da ciyawa ta cinye, da kuma ƙwaƙwalwar tsofaffin direbobi da masu ba da hannu da suka yi ritaya, waɗanda kullum raguwa suke yi. Wasu takardun suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, wasu a hedikwatar hukumar da ke Ebute Metta a Legas, inda aka mayar da tsohon gidan Jaekel wurin adana kayan tarihin reluwe. Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat suna da ɗaliban kwamfuta da na safiyo da ke neman aikin kammala karatu duk shekara. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya, wadda aka kafa a 1986, da Jami'ar Sufuri ta Daura suna horar da waɗanda za su riƙe dogon gobe. A ƙasashen da suka ci gaba, a na'urar kwaikwayo direban jirgi ke fara koyon hanya kafin a damƙa masa rayukan fasinjoji. Abin da muke kira wasa, ƙanen wannan na'ura ne.

Washegari da hantsi na ɗauki yaron a Keke Napep muka tafi tsohuwar tashar. Ya tsaya a kan dogon ya daɗe yana kallo, ya durƙusa ya auna faɗinsa da tafin hannu, ya ce ashe ya fi na Jamus ƙanƙanta. Ya ɗauki hotuna har wayata ta cika. Wani dattijo da ke zaune a inuwa ya nuna masa inda ake juya kan jirgi da inda ake loda shanu, yaron yana rubutawa a bayan littafin lissafinsa.

A hanyar komawa na faɗa masa hukuncina. Ba zan ba da dala 40 a kan sabon layi ba, a watan da mahaifiyarsa ke haɗa kuɗin jarrabawarsa ta fita sakandare. Za mu jira garaɓasar Disamba, in wani layi ya faɗo ƙasa da rabi, na saya masa. In kuma ya gama jarrabawa, zai zo Abuja mu tafi Idu da sassafe, mu yanki tikiti biyu zuwa Rigasa, domin gani ya kori ji.

Ya yi shiru har muka wuce shataletale. Can sai ya ce: "Kawu, in mun je, za su bar ni in leƙa wurin direba?"

Na ce masa za mu roƙa.

Makon jiya ya turo mini hoto ta WhatsApp. Dogo ne siriri a kan fili mai rairayi, da itatuwan darbejiya guda uku, da wani gini mara rufi wanda ya ce tashar Maiduguri ce, bai gama ba tukuna. Ya shimfiɗa kilomita biyu. Saura 638 ya isa Kuru.